Kogunan da Na Zana Wa Mista Walta

Sana'ata zanen bodin mota. A Ƙofar Ruwa ta Kano na koya, a can na yi ɗan sunan da na yi. Idan ka taɓa bin bayan gingimari a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ka ga zaki ya danne barewa ko mikiya ta suri maciji, mai yiwuwa hannuna ne. Wannan sana'a ce ta kawo ni New York.

Wasu Turawa masu wani ƙaramin ɗakin nuna zane a Manhattan suka gayyace ni, wai duniya ta ga fasahar direbobin Afirka. Suka sa mini babbar riga, wadda ko a Kano mahaukaci ne kawai zai yi fenti da ita, suka ajiye ni a bayan gilashi da allon katako. Ina zana zaki, su suna tsaye da kofunan giya suna gyaɗa kai. Wata ta tambaye ni ko zaki yana zuwa bayan gidanmu. Na ce mata sau ɗaya na taɓa ganinsa, a gidan zu, shi ma barci yake yi. Ba ta ji daɗin amsar ba. Da aka tashi taron suka rungume ni ɗaya bayan ɗaya, suka ce ni ɗan gida ne. Ban sake samun wanda ya ɗaga wayata a cikinsu ba.

Da na koma gida a lokacin, da babu labari. Alhaji Mansur ne ya hana ni. Ɗan unguwarmu ne, yana da motocin haya a unguwar Jamaica ta New York, kusa da filin jirgi. Ya zo ya same ni a masauki, ya dube ni kamar na ce zan faɗa rijiya.

“Sabi'u, mutane suna sayar da gonar gado don su taka ƙasar nan. Kai an kawo ka kyauta, kana maganar komawa? Me za ka ce wa matarka Binta?”

Na ce, “Alhaji, bizar fa?”

“Biza takarda ce. Mu nan wa ya shigo da wadda ba ta mutu ba?”

Ya ba ni katifa a besimen ɗin gidansa, wato ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida. Jirage suna wucewa ta samanmu kamar za su ɗauke rufin. Da safe in wanke motocinsa, da yamma in wanke motocinsa. Ran Juma'a ya sa ni a gaban mota zuwa masallaci, yana nuna ni ga mutane: ga ƙaninsa da ya ɗauko daga gida, yana riƙe da shi saboda Allah. Idan Binta ta kira, sai in fita bakin titi in tsaya inda ginin banki yake a bayana, don kada ta ga inda nake kwana. Bizar ta mutu ina wankin taya.

Wata rana Alhaji ya dawo da fara'a, ya ce ya samo mini aikin da ya dace da ni. Wani fasinja ne ya ga hoton zanena a wayarsa. Sunansa Mista Walta, dillalin tsofaffin kaya. Sharaɗi ɗaya: ladana ta hannun Alhaji zai riƙa bi, tunda ni ba ni da takardar buɗe akawun. Abin da yake isowa hannuna ban taɓa sanin ko rabi ne ko kwata ba.

Mista Walta gajere ne, mai taushin murya, irin mutanen da ke riƙe hannunka da hannu biyu idan suna gaisawa. Ranar farko bai kai ni shagonsa ba. Ya kai ni wani katafaren gidan tarihi, muka wuce gumaka da takubba, har muka shiga wani zaure mai zane-zane kowanne ya kai faɗin ƙofar gareji. Ya rage murya kamar mun shiga maƙabarta.

“Sabi, ka duba da kyau. Mutanen nan sun rayu fiye da shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Sukan bi Kogin Hudson su haura arewa, su hau duwatsu da jaka a baya, su dawo birni su zana abin da suka gani. A nan ƙasar nan ta fara sanin tana da kyau.”

Na duba. Kogi, dutse, rana tana faɗuwa. Na matsa gaba: dutse, kogi, rana tana fitowa. Kusan kowanne da karyayyen itace a gaba, hadari a gefe guda, hasken zinare a ɗaya gefen. Kogi guda cur, ba mai wanki, ba mai su, ba saniyar da ta zo shan ruwa sai jefi-jefi. Idan ma akwai mutum, sai ka kai hancinka jikin zanen kafin ka gan shi, ɗan mitsitsi kamar ƙuda ya faɗa miya. A wani na hango mutum da gashin tsuntsu a ka, tsaye a kan dutse. Na tambaya wane ne.

“Ɗaya daga cikin mutanen da aka tarar a ƙasar.”

“Ina sauran?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Lokacin an riga an tashe su daga wannan yankin.”

Wato an kori masu gida, an share wurin, sannan aka zana ɗaya daga cikinsu a lungu don ado. Direban da ya kawo mini irin wannan a Ƙofar Ruwa, ce masa zan yi ya ƙara kuɗi a sa masa abin kallo. Amma mutanen da ke zauren suna tsaye shiru, hannu a ƙirji, wata har da share hawaye.

Shagon Mista Walta wani tsohon sito ne a Bronx, tsakanin masu gyaran mota da masu sauke kifi. Ya ba ni littattafan hotuna, da fentin mai a 'yan ƙananan tuf irin na man goge baki, da buroshi masu laushi irin waɗanda ban taɓa riƙewa ba. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. A nan matattun nan suka ba ni kunya. Dutse ba wuya, itace ba wuya, amma hasken da ke kwance a kan ruwa ya ƙi ni. Ni na saba da fentin mota, ka shafa sau ɗaya ya yi ihu daga nesa. Wannan kuwa sai ka shafa siriri, ka jira ya bushe, ka sake shafa wani a kai, har hasken ya zama kamar daga cikin ƙyallen zanen yake fitowa. Na ɓata ƙyalle da yawa kafin na kama shi. Ban canza ra'ayi a kan abin da suka zaɓa su zana ba, amma na yarda sun iya riƙe buroshi.

Da hannuna ya faɗa, sai na zama inji. Kogi a tsakiya, dutse a dama, karyayyen itace a hagu, in juya shi gobe. Mista Walta ya hana ni sa hannu a ko ɗaya. Idan sun bushe yakan shige da su ɗakin baya, inda yake da tanda da tulin tsofaffin firam na sa hoto da yake saye a gidajen waɗanda suka mutu. Zane ya shiga yana sheƙi, ya fito ya yi duhu, ya tsattsage, bayansa da ƙura har da kashin ƙuda. Ya ce otal-otal da ɗakunan jiran likitoci yake sayar wa, su kuma sun fi son abu ya yi kama da tsoho. Ban ja maganar ba. Mutanen da ke sayen wando a yage, me zai hana su sayi zane da datti?

Da kaka ta yi, ganyaye suka fara ja, mai yi wa Mista Walta dako ya kwanta ciwo, sai ya ce in raka shi wata kasuwar tsofaffin kaya a wani ƙaramin gari a bakin kogin. A bayan motar kaya na yi tafiyar, inda babu taga, ina rungume da firam don kada su gogi juna. Kafin mu sauke ya ce, “Yau kai ɗan dako ne. Kada ka yi magana da kowa.”

Rumfuna ne a filin ciyawa, mutane suna yawo da karnuka, suna taɓa fasassun kujeru da fitilun da suka yi tsatsa kamar kayan aljanna. Wajen azahar wata tsohuwar Baturiya ta tsaya a gabanmu a keken guragu, wata baƙar mace mai ɗankwali tana tura ta. Idon tsohuwar ya kafe a kan wani zane da na gama kafin babbar Sallah. Mista Walta ya durƙusa kusa da ita, ya riƙe hannunta da hannu biyu. Turancina bai yi ƙarfi ba, amma ya isa in gane. Wai a rufin wani tsohon gida aka tsinci zanen. Wai wanda ya zana shi almajirin ɗaya daga cikin manyan masu zanen can ne, saurayi, tari ya kashe shi kafin ya yi suna, shi ya sa babu sa hannu. Wani mai gemu da gyale a wuya ya tsaya, ya cire tabarau, ya ce wanda bai sha ruwan kogin nan tun yana yaro ba ba zai iya kama wannan hasken ba. Tsohuwar ta ce daidai nan gonar mahaifinta take, ta gane lanƙwasar kogin. Lanƙwasar da na yi don ƙyallen ya kusa ƙarewa.

Ta saya. Mista Walta ya ce in ɗauka in bi su, gidan ba nisa. Muna hawa wani ɗan tudu, ƙusar firam ta soke ni a tafin hannu. Na ce, “Kai, wannan wace irin masifa ce.”

Mai tura keken ta tsaya cak. Ta juyo. “Wa ke yin Hausa a nan?”

Sunanta Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi. Ita ke kula da tsohuwar, ƙarshen mako take komawa gidanta a unguwar Parkchester ta Bronx. Hausarta irin ta Gana ce, mace da namiji duk “ya” ne. Rabon da in ji wani ya tambaye ni lafiyar iyali don yana son ya ji amsa, na manta.

Falon tsohuwar yana da taga mai faɗi, kuma ta nan na fara ganin kogin da na daɗe ina zanawa. Ruwa ne mai faɗi, launin ƙasa-ƙasa, wani jirgin dakon kaya yana tafe a hankali, layin dogo a bakin gaɓa, can tsallake bututun wata masana'anta. Babu zinare ko kaɗan. Tsohuwar ta sa na rataye zanen a bangon da ke fuskantar tagar, ta sa aka juya kekenta, ta ba kogin baya, ta zauna tana kallon nawa.

Hajiya ta kawo mini ruwa da auduga don hannuna. Na ce mata a hankali, “Hajiya, wannan abin ni na zana shi. A Bronx. Ko shekara bai yi ba.”

Ta daɗe tana kallona. “Malam Sabi'u, ka tabbata?”

“Na san inda na goge kuskure a gindin dutsen can.”

“Wannan tsohuwa ya cika fitina, ya hana ni barci, ya ce ina sace mishi sukari. Amma cin amanar tsoho ba kyau. Faɗa mishi. Ni zan juya maka Turancin.”

Na faɗa, Hajiya ta fassara. Tsohuwar ta dube ni daga takalmi har hula, ta tsaya a kan hannuwana, sai ta yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro idan ya ce shi ya gina masallaci. Ta ce a gaya mini na iya ɗaukar kaya, ta gode. Na sake faɗa. Na ce ta ba ni takarda da fensir yanzu in nuna mata. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ta gane, so nake ta tsorata ta mayar mini da zanen in gudu da shi. Ta ɗauki waya.

Mista Walta ya iso da murmushinsa. Ya ba ta haƙuri, ya taɓa gefen kansa da yatsa, ya ce daga ƙasar yaƙi na fito, na ga abubuwa, wani lokaci nakan ɗauka ni wani ne. Shi taimakona yake yi. Tsohuwar ta tausaya mini nan take. Ta fi son in zama mahaukaci da in zama mai zane.

A waje bai ɗaga murya ba. Ya gyara mini wuyan riga, ya ce, “Sabi, waya ɗaya zan buga wa jami'an shige da fice. Ka tuna da wannan duk lokacin da bakinka ya yi maka ƙaiƙayi.” Ya shiga motarsa ya tafi, ya bar ni a titin garin da ko sunansa ban iya faɗa ba.

Hajiya ce ta fito ta ƙofar baya. Ta ba ni kuɗin jirgin ƙasa, da wake da shinkafa a roba, irin nasu mai yajin shito, da lambar wayarta. Ta nuna mini hanyar tasha. Ta ce, “Ni na sa ka. Idan an kore ka, ka kira ni.”

An kuwa kore ni. Kafin in isa Jamaica, Mista Walta ya riga ya kira Alhaji. Na tarar da jakata a bakin matakala.

“Ka zubar mini da mutunci a gaban Bature,” in ji shi. “Ina ruwanka da abin da yake sayarwa? Kai alƙali ne?”

Na ce, “Alhaji, ashe ka sani.”

Ya ce in ajiye makulli.

Sanyin shekarar nan a wani masallaci a Harlem na yi shi, ina shara da wankin banɗaki a madadin wurin kwana. Mijin Hajiya ya haɗa ni da 'yan Nijar masu kekunan sayar da abinci a titi. Na koma fentin mota, ina zana musu kaza da shinkafa da wuta tana ci a ƙarƙashin tsire. Ba wanda ya taɓa cire tabarau a gaban aikina, amma suna biya a hannu, kuma kaza kaza ce.

Sai da wata kakar ta zagayo Hajiya ta kira ni. Tsohuwar ta rasu. Ɗanta ya kai zanen wurin masu gwanjo yana lissafin arziki, suka gwada fentin suka ce masa irin wannan farin ba a ƙirƙiro shi ba sai bayan mutanen can sun daɗe a kabari. Ya je neman Mista Walta ya tarar da sito a kulle. Ashe ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu da suka sayi kogunana, duk sun haɗu sun ɗauki lauya. Yanzu ni suke nema.

Na ce ba zan je ba. Mutumin da ba shi da takarda ba ya kai kansa inda ake rubuta suna. Hajiya ta ce lauyan ya yi alkawari ni shaida ne kawai, tunda ban sa hannu ba ban kuma sayar ba, har ma zai duba ko akwai hanyar da shaidar za ta taimaki zamana. Ta ce za ta raka ni, idan an kama ni a kama mu tare. Na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na yarda.

Ofishin yana can sama a wani dogon bene a Manhattan. Ɗan tsohuwar, wanda Hajiya ta ce sau biyu ta taɓa ganinsa a gidan uwarsa, ya fara da tambayata, cikin fushi, me ya sa ban gaya wa mahaifiyarsa gaskiya ba.

Hajiya ba ta bari na buɗe baki ba. Ta ce masa da Turanci, “Ya faɗa. A gabana ya faɗa, ni na fassara. Na kuma kira ka a waya a makon na gaya maka, ka ce in tsaya a aikina.”

Ya koma kallon tebur.

Lauyan ya ce matsalar ita ce hujja. Kowa zai iya cewa shi ya zana. Ko zan iya yin wani a gabansu, suna ɗauka a bidiyo? Suka shimfiɗa leda a kan teburin taro, aka kawo ƙyalle da fenti. Na yi ta zuwa ina shafawa ina barin ya bushe. Kogi a tsakiya, dutse a dama. Ma'aikatan ofishin sukan bar aikinsu su zo su tsaya a bakin ƙofa da kofin kofi. Ranar da na sa hasken ƙarshe a kan ruwan, wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin zauren gidan tarihi.

Har yau ba a ga Mista Walta ba, maganar takarduna kuma tana nan a wani ofishi ana cewa in jira. Amma ranar, ina wanke buroshi, lauyan ya biyo ni wurin famfo, ya tura ƙofa. Ya ce idan an gama shari'a yana son zanen, zai biya ni da kyau, akwai bango a gidansa na hutu da zai dace da shi. Ya rage murya.

“Sai dai ya cika sheƙi. Za ka iya sa shi ya ɗan tsufa?”

Na ce, “Wannan ba fannina ba ne. Wanda ya iya, shi kuke nema.”

Na share hannuna, na fita. Hajiya tana jirana a bakin lif da jakarta a kafaɗa, ta ce in yi sauri, tana da wata tsohuwar da za ta yi wa wanka a Bronx.